James Joule: Ɗan Mai Gidan Giya Da Ya Auna Zafi

'Ya'yanmu na sakandare a Kankiya da Kusada sukan haddace cewa idan giram 12 na gawayi tsantsa ya ƙone ya zama iskar kabon, yana fitar da zafi wajen kilojul 394. Malaman kimiyya suna kiran wannan zafin haɗuwar sinadari, su kuwa sinadarai na asali, irin su iskar oksijin, lissafinsu sifiri ne. Amma kaɗan ne cikin yaran suka san cewa jul ɗin nan sunan wani Kirista ne.

An haifi James Prescott Joule a Salford ta ƙasar Ingila a 1818. Mahaifinsa mai kamfanin giya ne, sana'ar da ba mu yaba ba, amma a can yaron ya saba da awon zafi daidai wa daida. Da yake ba shi da ƙoshin lafiya, a gida aka koyar da shi, ya kuma yi karatu wurin John Dalton.

Babban gwajinsa mai sauƙi ne. Ya rataya nauyi a igiya, nauyin yana sauka yana juya filafilai cikin tukunyar ruwa, shi kuma yana duban yadda ruwan ke ɗumi kaɗan-kaɗan. Ya gano cewa nauyin laba 772 da ya sauka ƙafa ɗaya yana ƙara wa laba ɗaya ta ruwa digiri ɗaya na Farenhait. Ke nan ƙarfi ba ya ɓacewa, sai dai ya sake kama. Joule ya ɗauki wannan a kan cewa abin da Allah ya ba ƙarfi, mutum ba ya iya shafe shi.

Manyan masana sun yi ko oho da shi, tun da ba ɗan jami'a ba ne. Sai a taron Oxford na 1847 wani saurayi, William Thomson, ya saurare shi da gaske.

Matarsa Amelia ta rasu a 1854, dukiyarsa kuma ta ƙare, har a 1878 gwamnati ta yanka masa fansho na fam 200 a shekara. Ya rasu ran 11 ga Oktoba 1889. A dutsen kabarinsa an rubuta lamba 772.55, tare da Yohanna 9:4.