Archibald Mathies: Sojan Da Ya Ƙi Barin Ɗan'uwansa

Yau muna tunawa da Saja Archibald Mathies, mahaƙin kwal daga Amurka, haifaffen 1918. A Yaƙin Duniya na Biyu shi maharbi ne cikin jirgin yaƙi B-17. Ran 20 ga Fabrairu 1944 Jamusawa suka harbi jirginsu, mataimakin matuƙi ya mutu, matuƙin kuma ya suma da rauni. Mathies ba matuƙi ba ne, amma ya komo da jirgin Ingila. Aka umarce shi ya diro da laima. Shi da abokinsa Walter Truemper suka ƙi barin majinyacin. A yunƙurin sauka na uku jirgin ya faɗi, su ukun suka rasu. Mu karanta Yohanna 15:13, mu tambayi kanmu: wane ɗan'uwa muka yasar cikin wahalarsa?