Franklin Roosevelt: Shugaban Da Ya Mai Da Otel Gidan Jiyya

An haifi Franklin Roosevelt a Jihar New York ta Amurka a 1882, a gidan masu hali. Yana da shekara 39, watau a 1921, zazzaɓi ya kwantar da shi, ƙafafunsa biyu suka shanye. Likitoci suka ce shan inna ce.

A 1924 ya ji labarin wata maɓuɓɓugar ruwan ɗumi a Warm Springs ta Jihar Jojiya, irin ta Wikki a Yankari ko ta Ikogosi a ƙasar Ekiti. Akwai wani tsohon otel a wurin da ya fara lalacewa. Da ya shiga ruwan sai ya ga yana iya tsayuwa da motsa ƙafa, domin ruwa na rage wa jiki nauyi, ɗumi kuma na sassauta jijiyoyi.

Labari ya bazu a jaridu, masu shan inna suka yi ta zuwa. Sauran baƙin otel suka riƙa ƙyamarsu don tsoron ɗaukar cuta. Roosevelt bai kore su ba. A 1926 ya saye wurin da mafi yawan dukiyarsa, ya kawo likita da masu gashin ƙashi, otel ya zama gidan jiyya.

To, amma ruwan bai warkar da shi ba. Har ya mutu bai sake tafiya ba sai da takalmin ƙarfe da mai riƙe shi. Duk da haka sau 4 ana zaɓensa Shugaban Amurka, daga 1932. A 1938 ya kafa gidauniyar yaƙi da shan inna, talakawa suka yi ta aiko da 'yan kwabbansu.

Ya mutu a Warm Springs ran 12 ga Afrilu 1945. Shekara 10 cif bayan haka aka ba da sanarwar allurar rigakafin Dokta Jonas Salk, wadda kuɗin gidauniyar suka ɗauki nauyin bincikenta.

Cutar ta daɗe a ƙasarmu. A Jihar Borno aka ga na ƙarshe da ƙwayarta ta asali ta kama a 2016, har da Jere a gefen Maiduguri. A 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Jama'a, ruwan ɗumi sauƙi yake kawowa bayan ɓarna ta auku, rigakafi kuwa shi ke tare ta. Mai 'ya'ya, ko a gida ko a nan Kudu, ya kai su a yi musu.