Pierre Budin

Pierre-Constant Budin (9 ga Nuwamba, 1846 – 22 ga Janairu, 1907) likitan haihuwa ne ɗan ƙasar Faransa. Ana ƙidaya shi cikin waɗanda suka kafa fannin kula da bakwaini da jariran da ake haifa ba su kai nauyi ba, wato masu ƙasa da kilo 2.5. Ya fi yin suna kan dagewarsa cewa nonon uwa shi ne abincin irin waɗannan jarirai.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a ƙauyen Énencourt-le-Sec da ke arewacin Faransa. Ya karanta likitanci a birnin Paris, ya kammala a 1876. Malaminsa shi ne Stéphane Tarnier, wanda ya shigo da kwalbar ɗumama jarirai asibitin haihuwa na Paris. Tun yana ɗalibi Budin ya yi bincike kan lokacin ɗaure cibiya, ya nuna cewa jariri yana samun ƙarin jini idan aka ɗan jinkirta.

Aiki

A 1882 ya zama shugaban sashen haihuwa na asibitin Charité. A can ya lura cewa mata kan tafi gida da jarirai lafiyayyu, amma in sun dawo wata haihuwar sai ya ji yaran sun mutu, galibi da gudawa. Saboda haka a 1892 ya buɗe wurin awon jarirai. Uwa takan kawo ɗanta a auna shi, a duba shi, a ƙarfafa mata gwiwa kan shayarwa. Sai in nono ya gaza ake ba ta madarar shanu da aka dafa don kashe ƙwayoyin cuta. Wasu ƙasashen Turai sun kwaikwayi tsarin, kuma irinsa ne awon da iyaye mata ke zuwa yau a asibitocin Kaduna da Kano.

A 1895 ya koma asibitin Maternité, inda ya karɓi ɗakin jarirai raunana. A 1898 ya gaji kujerar Tarnier.

Ciyar da bakwaini

Budin ya koyar da cewa abubuwa uku ke kashe bakwaini: sanyi, rashin ciyarwa yadda ya kamata, da cututtuka masu yaɗuwa. Ana auna jariri kafin ya sha nono da bayan ya sha, don a san abin da ya shiga cikinsa, domin ƙoshin da ya wuce kima ma yana da haɗari. Wanda ba ya iya tsotso, a tatsa masa a ba shi da ƙaramin cokali, ko ta siririn bututu zuwa ciki. Asibitin yana ɗaukar mata masu shayarwa aiki, suna zaune a wurin da nasu 'ya'yan.

Matsalar da ta fi damunsa ita ce ta uwa. Bakwaini ba shi da ƙarfin jan nono, don haka nonon uwar yakan ƙafe, kuma wasu matan da aka raba su da jariransu na makonni ba sa dawowa ɗaukarsu. Dabararsa ita ce musanya: mai shayarwa ta ciyar da bakwainin, uwar kuma ta shayar da ƙaƙƙarfan ɗan mai shayarwar, har nata ya iya kama mama. Ya kuma fi son kwalba mai gilashi kusa da gadon uwa, yadda za ta riƙa ganin ɗanta. Asibitoci da dama da suka ɗauki kwalbar daga baya sun manta da wannan ɓangaren, suka hana iyaye mata shiga ɗakin.

Ya tattara laccocinsa a littafin Le Nourrisson a 1900, aka fassara shi zuwa Turanci a 1907. A 1902 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar yaƙi da mutuwar jarirai ta Faransa.

Mutuwa

Ciwon huhu ya kama shi a Marseille, inda ya je gabatar da lacca, ya mutu a can yana da shekara 60.