Kirkpatrick Macmillan: maƙerin ƙauyen Sikotland da ake taƙaddama kan kekensa

Masu doguwar tafiya a kan keke a kudancin Sikotland, waɗanda ke ɗaure tanti da guzuri a bayan sirdi su kwana duk inda dare ya riske su, sukan ya da zango a wata tsohuwar maƙera da ke Courthill, kusa da ƙauyen Keir a yankin Dumfries. A bangonta akwai allon tunawa da ke danganta ƙirƙirar keke mai feda ga mutumin da ya rayu yana sana'a a cikinta, Kirkpatrick Macmillan.

An haife shi ranar 2 ga Satumba, 1812, ɗa ne ga maƙeri, ya kuma tashi tsakanin zuga-zugi da uwar maƙera. Da ƙuruciyarsa ya yi aikin ƙira a Drumlanrig, gandun Duke na Buccleuch, gidan sarautar da har yau yake cikin waɗanda suka fi kowa mallakar ƙasa a Sikotland. A zamanin, doki da karusa na masu hali ne. Talaka kuwa ƙafarsa ce abin hawansa. Keken da aka sani shi ne wanda Bajamushe Karl von Drais ya fito da shi a 1817, na katako marar feda, wanda mahayinsa ke tura ƙasa da ƙafafu.

Labarin da ya shahara ya ce a wajejen 1839 Macmillan ya ƙera nasa: gangar jiki ta katako, ƙafafu biyu masu da'irar ƙarfe, da fedoji a gaba waɗanda ake turawa gaba da baya, sandunan ƙarfe na kai motsin ga ƙafar baya. Babu sarƙa, babu tayar roba. A watan Yunin 1842, in ji labarin, ya hau shi ya nufi Glasgow, tafiyar mil 68 a kan hanyoyin tsakuwa, ya isa cikin kwana biyu. A unguwar Gorbals jama'a suka yi masa caa don kallo, ya buge wata yarinya, kotu ta ci shi tarar sule biyar.

Daga nan ne masana tarihi suka rabu. Gaskiya ne jaridar Glasgow Argus ta buga rahoton tarar, amma ba ta ambaci sunan kowa ba. Ta bayyana mai laifin a matsayin wani mai mutunci daga Dumfries, da laƙabin da a Birtaniyar wancan ƙarni, mai tsananin bambance aji, ba kasafai ake ba wa maƙeri ba. Ta kuma nuna cewa da hannu ake juya na'urar. Babu keken na asali, babu zane, babu wata takarda daga hannun Macmillan, wanda bai taɓa yin rajistar mallakar ƙirƙira ba. Sai a shekarun 1890, bayan mutuwarsa, wani ɗan'uwansa mai fataucin hatsi, James Johnston, ya shiga tattara shaidar dattawa, bai kuwa ɓoye cewa burinsa shi ne ya jawo wa yankinsu na Dumfries wannan ɗaukaka ba. Lokacin, Faransa ke riƙe da kambin, saboda kekunan Michaux na Paris da kuma rajistar da Pierre Lallement ya yi a Amurka a 1866. Kishin ƙasa ya shiga maganar tun daga tushe.

Masu shakka irin su David Herlihy na nuni da Thomas McCall na Kilmarnock, wanda akwai tabbacin ya ƙera irin wannan keke a 1869, kuma kamanninsa ne aka bi wajen sassaƙa kwaikwayon da ake nunawa da sunan Macmillan. Hujjarsu tana da ƙarfi. Sai dai su ma magoya bayansa suna da abin faɗa: maƙerin ƙauye ba ya ajiye kundi, kuma tarihin da ya dogara ga takarda kaɗai yakan fifita mai kuɗin rajista a kan mai guduma.

Shi dai Macmillan bai shiga wannan jayayya ba. Ya ci gaba da ƙira a Courthill har ya rasu ranar 26 ga Janairu, 1878, yana da shekara 65, bai ci ko kwabo daga harkar keke ba. An binne shi a Keir.

Ƙasar da ya yi wa masu ita aiki ta sauya ta wata fuska. Dokar sake fasalin ƙasa da majalisar Sikotland ta zartar a 2003 ta ba kowa 'yancin ratsa mafi yawan filayen ƙasar a ƙafa ko a kan keke, har da kafa tanti na ɗan lokaci, muddin bai yi ɓarna ba, ko da kuwa gandun mai sarauta ne. Akwai hanyar keke mai ɗauke da haruffan sunansa, KM, wadda ta tashi daga garin Dumfries, ta bi ta Keir, ta ƙare a Drumlanrig.