Rosalind Russell: Jarumar da ta ɗauki rol ɗin da manya suka ƙi, ta kafa tarihi da shi

A shekarar 1939 kamfanin Columbia da ke Hollywood ya shiga neman jarumar da za ta fito a matsayin 'yar jarida a wani sabon fim na darakta Howard Hawks. Carole Lombard aka so, amma kuɗinta ya yi yawa. Aka tuntuɓi Katharine Hepburn, Claudette Colbert, Irene Dunne, Jean Arthur, Ginger Rogers da Margaret Sullavan, abin bai yiwu da ko ɗaya ba. Daga ƙarshe aka aro wata daga kamfanin MGM mai suna Rosalind Russell. Ita kuwa a jarida ta karanta jerin sunayen waɗanda aka nema kafin ita, ranta ya ɓaci. Fim ɗin shi ne His Girl Friday, kuma yau in aka ambace shi, fuskarta ce ke fara zuwa wa mutum a rai. Rabon kwaɗo dai ba ya hawa sama.

An haifi Rosalind ranar 4 ga Yuni, 1907, a garin Waterbury na jihar Connecticut a Amurka. Mahaifinta lauya ne, mahaifiyarta malamar makaranta, su bakwai ne a gidan, 'yan ɗarikar Katolika masu asali daga Ireland. Sunan nata ma na jirgin ruwa ne: iyayenta sun taɓa yin tafiya a wani jirgi mai suna Rosalind, sai suka raɗa mata. Bayan ta yi kwaleji ta tafi New York ta shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo. A wancan lokacin gida irin nasu ba ya ganin wasa a matsayin sana'ar 'yar mutunci, don haka ta nuna wa na gida kamar koyarwa za ta yi da karatun. Da ta gama sai ta bi ƙananan ƙungiyoyin wasan daɓe, yau wannan gari gobe wancan, har ta samu shiga dandalin Broadway.

A 1934 ta fara fim, da Evelyn Prentice na kamfanin MGM. A nan ta gane yadda manyan kamfanonin suke tafiyar da 'yan wasa. Jarumi ya sa hannu a kwantaragin shekaru, kamfani ne zai zaɓa masa fim, ya ba da aronsa ga wani kamfanin in ya ga dama. MGM suna da babbar tauraruwa Myrna Loy, kuma sun ajiye Rosalind ne kamar sandar tsoratarwa: duk ranar da Loy ta nemi ƙarin kuɗi ko ta ƙi wani rol, sai a nuna mata ga wadda za ta maye gurbinta. Shekaru aka ɗauka ana ba Rosalind rol ɗin mace mai aji, mai sanyin hali, wadda sau da yawa jarumi zai bari ya koma wajen wata. Ta yi ƙoƙari a Craig's Wife na 1936 da The Citadel na 1938, amma ba wanda ya ɗauke ta a matsayin mai ban dariya.

Ita ta san tana da wannan baiwar, don haka ta nace sai da aka gwada ta a The Women na 1939, fim ɗin George Cukor wanda babu namiji ko ɗaya da ya fito a cikinsa. Ta fito a Sylvia Fowler, uwar gulma da haɗa husuma, mai magana kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Har dambe suka yi da Paulette Goddard a wani sin, ta gantsara mata cizo. Da ta ga ba za a sa sunanta a saman fosta tare da Norma Shearer da Joan Crawford ba, sai ta kwanta ciwon ƙarya ana tsakiyar aiki, ba ta warke ba sai da aka amince. Daga wannan fim ɗin ne Hollywood ta yarda cewa yarinyar nan ta iya barkwanci.

Kafin mu shiga His Girl Friday, ya kamata a san irin kasuwar da ya faɗo ciki. A shekarun 1930 jarida ce sarauniyar labarai a Amurka, manyan birane suna da jaridu da yawa masu gasa da juna, ana fitar da bugu fiye da ɗaya a rana. Marubutan fim da dama tsofaffin 'yan jarida ne, sun san ɗakin labarai ciki da waje. Sai ga shi daga 1934 an tsaurara dokar tace finafinai, ba a yarda a nuna soyayya a fili yadda aka saba ba. Sai marubuta suka mayar da zafin soyayyar cikin cacar baki: namiji da mace su yi ta gasar magana, kowa na neman kayar da ɗan'uwansa, mai kallo kuma ya gane cewa son juna suke. It Happened One Night na 1934, inda Clark Gable ya fito ɗan jarida da ya haɗu da 'yar mai kuɗin da ta gudu daga gida, ya lashe manyan kyaututtukan Oscar guda biyar. Masu kallon finafinan Indiya sun san labarin ko da ba su san asalinsa ba, don shi aka juya ya zama Chori Chori na Raj Kapoor da Nargis a 1956, da Dil Hai Ke Manta Nahin na Aamir Khan da Pooja Bhatt a 1991. Bayansa aka yi Libeled Lady a 1936 da Nothing Sacred a 1937. A yawancinsu dai namiji ne ɗan jaridar.

His Girl Friday ya samo asali daga wasan daɓe mai suna The Front Page na 1928, wanda Ben Hecht da Charles MacArthur suka rubuta, dukansu tsofaffin 'yan jaridar Chicago. A wasan, edita Walter Burns da wakilinsa Hildy Johnson duka maza ne. Hawks ya ba da labarin cewa wata rana ya sa wata mace ta karanta masa layukan Hildy, sai ya ji maganar ta fi daɗi a bakin mace. Nan take aka sauya lissafi. Marubuci Charles Lederer ya mayar da Hildy mace, kuma tsohuwar matar editan. Rigimar maigida da yaronsa ta koma rigimar miji da matar da suka rabu.

Ga yadda labarin yake. Hildy ta shigo ofishin jaridar Morning Post ta gaya wa Walter, wato Cary Grant, cewa ta bar aikin jarida, gobe za ta auri Bruce Baldwin, wani salihin mai sayar da inshora da Ralph Bellamy ya fito a matsayinsa, su koma garin Albany ta zauna lafiya. Walter ba ya son rasa matar, ba ya kuma son rasa wakiliyar da ta fi kowa iya rubutu a jaridarsa. Sai ya ɗana mata tarko da labari guda: wani talaka Earl Williams da za a rataye da safe saboda ya harbe ɗan sanda, alhali magajin gari da shugaban 'yan sandan yankin suna son a yi ratayar ne don neman ƙuri'a a zaɓen da ke tafe. Walter ya sa aka yi ta kama Bruce kan laifin ƙarya, Earl ya tsere daga kurkuku, Hildy ta ɓoye shi a cikin wani teburin rubutu mai murfi a ɗakin 'yan jarida, ita kuma tana riƙe da waya biyu, ɗaya ga ango ɗaya ga edita.

Rosalind ta shiga aikin da fushi. Ta faɗa a littafin tarihin rayuwarta cewa ranar farko da za ta ga Hawks daga wanka ta fito, ta je da jiƙaƙƙen gashi don ya san ba ta damu da burge shi ba. Da aka fara ɗauka kuma ta lura Hawks yana barin 'yan wasa su ƙara nasu a kan abin da aka rubuta, kuma Cary Grant gwani ne a wannan, layukansa sun fi nata gishiri. Me ta yi? Ta ɗauki wani marubucin talla haya da kuɗin aljihunta, dala 200 a mako, yana rubuta mata martani a ɓoye, ita kuma ta zo lokeshan ta jefa su kamar yanzu suka faɗo mata. Grant ya gano dabarar, ya riƙa tsokanarta da safe yana tambayar me ta zo da shi yau. Gasar da mai kallo ke gani tsakanin Walter da Hildy, rabinta ta gaske ce tsakanin jaruman biyu.

Abin da ya fi jan hankali a fim ɗin shi ne saurin magana. Hawks ya sa suna hawa kan maganar juna yadda mutane ke yi in gardama ta yi zafi. An tsara farkon jimla da ƙarshenta su zama marasa muhimmanci, ta yadda ko an danne su ma'anar ba za ta ɓace ba. Mai kula da sauti kuwa ya sha wahala, yana kunna makirfo yana kashe wani, yana bin bakin duk wanda ke magana. A wasu wuraren ana ƙiyasta gudun maganar ya kai kalma 240 a minti ɗaya. Rosalind ba ta taɓa bari Grant ya wuce ta ba. Akwai ma inda ta tattare siket ta bi wani jami'in kurkuku da gudu a titi, ta kayar da shi ƙasa don ta samu labari.

Sunan fim ɗin kansa akwai zolaya a ciki. Friday sunan hadimin Robinson Crusoe ne a tsohon littafin nan na Ingila, kuma Turawa na kiran mai yi wa mutum hidima da wannan sunan. Amma Hildy ba 'yar aiken kowa ba ce. Sauran 'yan jarida maza suna zaune suna karta suna ƙirƙirar ƙarya ta waya, ita ce ta shiga kurkuku ta zauna da Earl ta saurare shi, kuma da suka leƙa abin da ta rubuta su da kansu suka sallama mata.

A nan ne fim ɗin ya sha bamban da 'yan uwansa. A Woman of the Year na 1942, Katharine Hepburn ta fito shahararriyar marubuciyar jarida, amma aka ƙare da ita a kicin tana fama da girkin karin kumallo tana kwafsawa, don a kwantar wa maza hankali. Hildy kuwa abin da ta gano shi ne aikin nan shi ne ita, zaman gidan da take mafarki ba zai riƙe ta ba. Sai dai kar a ɗauka nasara ce tsantsa. Mijin da ta koma wa maƙaryaci ne mai wayon tsiya, bai canza hali ba ko kaɗan. Ya yi mata alƙawarin hutun amarci a Niagara, sai ga labarin yajin aiki a Albany, nan take ya karkatar da tafiyar can. Suna fita ita ce ke ɗauke da akwatinta, shi yana gaba. Har yau masu kallo na gardama a kai: ta ci riba ne ko an sake yi mata wayo?

A zahiri kuwa fim ɗin ne ya kawo mata miji. Frederick Brisson, ɗan asalin Denmark, ya ga The Women a jirgin ruwa kan hanyarsa ta zuwa Amurka, ya ƙudurta sai ya san wannan mata. Ya sauka a gidan Cary Grant daidai lokacin da ake ɗaukar His Girl Friday, Grant ya haɗa su. Suka yi aure ranar 25 ga Oktoba, 1941, Grant ne babban abokin ango. Sun haifi ɗa ɗaya, Lance, a 1943, kuma suna tare shekara 35 har mutuwa ta raba. A Hollywood ɗin da aure ke mutuwa kamar wasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Nasarar Hildy ta zo da nata nauyin. Furodusoshi suka ga ta dace da rigar ofis, sai suka kulle ta a ciki. Alƙaliya a Design for Scandal na 1941, shugabar kamfanin talla mai sakatare namiji a Take a Letter, Darling na 1942, likitar ƙwaƙwalwa a She Wouldn't Say Yes na 1945. Kusan duk labarin ɗaya ne: mace mai ilimi da muƙami, sai a ƙarshe wani namiji ya koya mata cewa soyayya ta fi aiki. Ita kanta ta riƙa yi wa abin dariya, cewa ofis ɗaya ake ta ba ta da taga ɗaya, suna kawai ake sauyawa. Don ta fita daga wannan keji ta koma finafinai masu nauyi, irin su Sister Kenny na 1946, labarin ma'aikaciyar jinyar Australiya da ta yi yaƙi da cutar shan inna.

Sau huɗu aka sa ta takarar Oscar: My Sister Eileen na 1942, Sister Kenny, Mourning Becomes Electra na 1947, da Auntie Mame na 1958. Ba ta ci ko ɗaya ba. Na 1947 ya fi ciwo, don kowa ya gama ba ta, sai aka kira sunan Loretta Young. Abin mamaki, His Girl Friday da ake tuna ta da shi bai samu shiga takarar ba ma sam. Da fim ya fara ja baya gare ta sai ta koma Broadway, ta ci kyautar Tony a 1953 da wasan waƙa Wonderful Town, duk da ita da bakinta ba ta ɗauki kanta mawaƙiya ba. Auntie Mame ya sake ɗaga ta tana da shekara hamsin, sannan Gypsy a 1962. Kyautar Golden Globe kuwa sau biyar ta ɗauka.

Shekarunta na ƙarshe na jinya ne. Ta yi fama da kansar mama, sannan ciwon sanyin gaɓoɓi mai tsanani ya kama ta har ya raba ta da fim. Maimakon ta ɓuya, sai ta fito tana magana a kan ciwon tana nema wa masu bincike tallafi. A 1973 hukumar Oscar ta ba ta kyautar Jean Hersholt ta ayyukan jinƙai. Ta mutu ranar 28 ga Nuwamba, 1976, a gidanta da ke Beverly Hills tana da shekara 69. Littafin rayuwarta, Life Is a Banquet, ya fito a 1977, kuma an sa sunanta a wata cibiyar binciken ciwon gaɓoɓi a Jami'ar California da ke San Francisco.

Ga mai son kallo, abin ya zo da sauƙi. Ba a sabunta haƙƙin mallakar His Girl Friday ba, don haka tun 1968 ya zama na kowa, yana nan kyauta a YouTube da sauran wurare a intanet. A 1993 aka sa shi cikin kundin finafinan da Amurka ke adanawa saboda muhimmancinsu. Minti 92 ne kacal, baƙi da fari. Ku kunna rubutun ƙasa, don Turancin gudu yake kamar an biyo shi. Masu sha'awar rubuta fim a cikinku su lura da yadda ake gina soyayya ba tare da waƙa ko kalmar so ba, sai faɗa zalla. In kun gama kuma ku gaya mana: da ku ne Hildy, Bruce mai kwanciyar hankali za ku bi, ko Walter da ɗakin labarai?