Arthur Miller: Marubucin da ya yi amfani da shari'ar mayu ya tona asirin zamaninsa

An haifi Arthur Miller ranar 17 ga Oktoban 1915 a birnin New York na Amurka. Mahaifinsa mai masana'antar ɗinka tufafin mata ne, amma karayar tattalin arziki ta 1929 ta cinye dukiyarsa. Sai da Miller ya yi aikin ƙarfi ya tara kuɗi kafin ya shiga Jami'ar Michigan, inda ya kammala a 1938.

Ya yi suna a 1949 da wasan Death of a Salesman, wanda ya samo masa kyautar Pulitzer. A lokacin wani kwamitin majalisar dokokin Amurka na farautar waɗanda ake zargi da kwaminisanci. A 1952 amininsa, darakta Elia Kazan, ya bayyana gaban kwamitin ya ambaci sunayen tsofaffin abokansa. Miller ya nufi garin Salem ya karanta takardun shari'ar mayu ta 1692, wadda aka rataye mutum 19 a cikinta. Daga nan ya rubuta The Crucible, aka fara nuna shi a Janairun 1953.

Kishi ne ya kunna wutar wasan. Abigail 'yar aiki ce a gidan manomi John Proctor, matarsa Elizabeth ta kore ta bayan ta gano suna neman juna. Da aka fara zargin maita, sai Abigail ta ga hanyar kawar da matar gida. A tarihi Abigail yarinya ce 'yar shekara 11 ko 12, Proctor kuma dattijo mai kusan 60. Miller ne ya mai da ita 'yar 17, ya ƙirƙiri soyayyar.

Proctor ya san ƙarya ake yi, amma ba zai iya fallasa Abigail ba sai ya tona wa kansa asiri. Yana jinkiri, ana ta kama mutane.

Marubucin yakan nuna alamar masifa tun kafin ta iso. Da wani malamin coci ya nemi Proctor ya karanto Dokoki Goma, wadda ta hana zina ce ya manta. 'Yar tsana da aka ba Elizabeth kyauta ta zama shaida a kanta, da aka samu allura a cikinta. Proctor ya shaida wa kotu cewa matarsa ba ta ƙarya, sai ga shi ta yi ƙarya don ta rufa masa asiri, wannan ya rushe hujjarsa. Daga ƙarshe ya yaga takardar amsa laifin maita, aka rataye shi.

A 1956, shekarar da ya auri tauraruwa Marilyn Monroe, kwamitin ya kira Miller da kansa. Ya yi magana kan abin da ya shafe shi, amma ya ƙi ambatar sunan kowa. Aka same shi da laifin raina majalisa a 1957, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1958.

Ya shugabanci ƙungiyar marubuta ta duniya, PEN, daga 1965 zuwa 1969, yana fafutukar ganin an saki marubutan da aka tsare, ciki har da Wole Soyinka na Najeriya. Ya rasu ranar 10 ga Fabrairun 2005 a jihar Connecticut, yana da shekara 89.