Likita Andrew Stirrett, Bature Mai Magani

Da yawa daga cikinmu muna rera waƙoƙin da wannan bawan Allah ya tsara da Hausa, amma ba mu san shi ba. An haifi Andrew Park Stirrett a shekara ta 1865 a jihar Ontario ta ƙasar Kanada. Ya koyi aikin haɗa magani, har ya mallaki kantunan magani guda biyu a birnin Toronto, yana kuma karatun likita.

A zamanin nan ƙasarmu kabari ce ga masu kawo bishara. Cikin samari uku na mishan ɗin SIM da suka sauka Legas a 1893, biyu sun rasu a 1894: Walter Gowans a Girku, Thomas Kent a Bida. Rowland Bingham kaɗai ya koma gida da rai. Stirrett ya san wannan labari sarai, duk da haka ya miƙa dukiyarsa ga mishan, ya shiga jirgin ruwa mai dakon shanu zuwa Ingila, ya iso Patigi a 1902 yana da shekara 37. Daga baya ya yi aiki a Wushishi, sa'an nan ya zauna a Jos.

Abin da ya kawo ba sabon magani ba ne. An daɗe da sanin kwinin. Sai dai shi mai kanti ne, ya san magani ba ya aiki sai an sha shi daidai awo, kan lokaci kuma. Saboda haka ya matsa wa abokan aikinsa su sha kwinin kowace rana, ko suna ciwo ko lafiyarsu lau, su tafasa ruwan sha, su kwana cikin gidan sauro. Ya kuma rubuta musu littafin jiyyar cututtukan Afirka ta Yamma. Doka ce mai gundura, amma mace-mace suka ragu ƙwarai, mutane suka daɗe a bakin aiki. A ganinmu, da ba a sami ma'aikata masu tsawon rai ba, da wuya mishan ta iya karɓar aikin jiyyar kutare a Amanawa cikin shekarun 1930, wurin nan da muke wucewa in mun tashi daga Talata Mafara za mu Sakkwato.

Mu da ke zaune a Bakura da Maradun da Mafara, inda ruwan madatsar Bakolori yake kwance a gonaki, ba sai an ba mu labarin sauro ba. Kwinin ya daina zama maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, akwai waɗanda suka fi shi. Amma sau nawa mukan sayi rabin magani a kemis, yaro ya ɗan ji sauƙi mu ajiye sauran, bayan mako biyu a sake goya shi zuwa asibiti?

Stirrett bai yi aure ba. Hausawa ya ɗauka danginsa. Yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da ya fito da Hausa a 1932, kuma har tsufansa yakan tsaya a kasuwar Jos yana wa'azi ga fatake. Ya rasu a Jos a watan Yuli na 1948.